Hanyar da Ruwa Ya Cinye: Tafiyar Sojojin Injiniya Daga Ikko Zuwa Kogin Kaladan

Wanda ya taɓa zuwa Akkara, babban birnin Gana, ya ji ana faɗin Burma Camp. A Kaduna akwai barikin Kalapanzin da na Dalet, a Zariya akwai na Chindit, a Ikko kuma akwai na Arakan da na Dodan. Yara suna tashi a cikin waɗannan barikoki, suna zuwa makaranta da sujada a cikinsu, amma kaɗan ne za su iya faɗa maka inda aka samo sunayen. Sunaye ne na koguna da garuruwa da rundunoni na yaƙin ƙasar Bama, wadda tun 1989 ake kira Myanmar. Can ne iyayenmu da kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa a ƙarƙashin tutar Ingila, daga 1943 zuwa 1945.

In ana ba da labarin yaƙi, masu bindiga ake yawan ambata. A nan za mu bi sawun waɗansu ne dabam, wato sojojin injiniya na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda makamansu na kullum su ne adda da diga da shebur. Babban aikin da suka yi bai shekara ba ruwa ya cinye shi. Duk da haka, ba don wannan aiki ba da rundunar ba ta kai bakin daga da kayanta ba.

Asalin rundunar

Tun kafin yaƙin Hitila, Turawan Ingila suna da soja a ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma: Nijeriya, Gwalkwas (Gana ta yau), Saliyo da Gambiya. Hafsoshi Turawa ne, sauran kuwa 'yan ƙasa. A Nijeriya da Gwalkwas, Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Bature yakan koye ta don ya yi magana da mutanensa, haka kurtun da ya fito daga Tibi ko Dagomba ko Angas. Ba mutanen ƙasar Ingilishi kaɗai suka shiga ba. Waɗansu sun ƙetaro iyaka daga ƙasashen da Faransa ke mulki, kamar Zabarmawa da Mosawa, suka sa hannu a Gwalkwas. Mutanen yankin Kamaru da ke hannun Ingila kuma suna cikin bataliyoyin Nijeriya. Saboda haka wannan labari namu ne duka, ko ta wane gefen iyaka muke zaune.

A 1940 aka kai birged biyu Afirka ta Gabas, ɗaya ta Nijeriya ɗaya ta Gwalkwas, don yaƙi da Italiya. Suka ƙetare kogin Juba a Fabrairu 1941, aka ci Mogadishu, aka wuce Harar, har aka shiga Adis Ababa a Afrilu. Da suka komo gida sun riga sun san yaƙi. A lokacin nan kuwa Japan ta kori Ingila daga Bama a 1942, ta zo ta tsaya a ƙofar Indiya. Janar Giffard, wanda ya daɗe da sojan Afirka ta Yamma, ya ga za su yi amfani a can, musamman da yake suna da ƙungiyoyin 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda za su bi inda mota da alfadari ba za su iya ba.

A Maris 1943 aka kafa Runduna ta 81 a Nijeriya. Alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan ƙyalle rawaya. Mutanen Ashanti suna ce masa Ananse, mu kuwa Gizo muka sani, mai dabarar da ke kā da manyan dawa. Shugabanta Manjo Janar Woolner, shi kansa daga sashen injiniyoyin sojan Ingila ya fito. Kowace birged tana da kamfanin injiniya da ke tafiya tare da ita. Hafsoshinsu da waɗansu sajoji Turawa ne, amma kafintoci da maƙera da magina da masu sarrafa nakiya 'yan Afirka ne. Waɗansu da sana'arsu suka shigo, waɗansu kuwa a bariki suka koya.

Daga Ikko zuwa Chiringa

A tsakiyar 1943 aka fara ɗibarsu a jiragen ruwa daga Ikko da sauran tashoshin gaɓar teku. Suka zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, suka yi makonni a kan ruwa, kafin su sauka Bombay, wadda yau ake kira Mumbai. Da yawa cikinsu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da suka hau jirgi. Daga Bombay jirgin ƙasa ya ratsa da su faɗin Indiya zuwa gabas, sa'an nan jirgin kogi, har suka kai yankin Chittagong, suka yada zango a wani wuri da ake kira Chiringa. Yau wurin yana cikin ƙasar Bangaladash.

Tun suna Indiya aka raba rundunar. An ɗauke Birged ta 3, wadda ke da bataliyoyin Nijeriya uku, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Wingate, shugaban rundunar nan ta Chindit. Kamfanin injiniya na 7 ya tafi tare da su. A 1944 aka kai su da jirgin sama can bayan layin Japanawa a arewacin Bama, inda suka tsare sansanoni irin su White City, suna haƙa ramuka, suna kafa waya mai ƙaya, suna gyaran filin jirgi. Labarinsu mai zaman kansa ne. Waɗanda suka rage a Chiringa birged biyu ne: ta 5 ta mutanen Gwalkwas, da ta 6 wadda ta haɗa bataliyar Nijeriya da ta Saliyo da ta Gambiya, kowace da injiniyoyinta.

Ga abin da aka ɗora musu. Babbar rundunar Ingila da Indiya za ta gangara ta bakin teku a lardin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine, tana nufin tashar Akyab. A gabas da ita, bayan tsaunuka, akwai kwarin kogin Kaladan. In aka bar kwarin nan ba kowa, Japanawa za su biyo ta ciki su faɗa wa rundunar ta gefe. Sai aka ce Runduna ta 81 ta shiga kwarin ta tsare shi. Matsalar ɗaya ce: daga Chiringa zuwa Kaladan babu hanya, sai 'yan turbobin mafarauta.

Yadda aka sari hanyar

Mai karatu da ya tashi a Maraɗi ko Garwa ko Tamale sai ya yi ƙoƙari kafin ya kwatanta ƙasar nan a ransa. Tsaunuka ne jeri bayan jeri, sun miƙe daga arewa zuwa kudu, mai zuwa gabas kuwa dole ya hau kowanne ya gangara. Gangarensu tsaye yake kamar bango, bayansu kuma siriri kamar kaifin wuƙa. Gora ta rufe su ruf, ta yi kauri har mutum ba ya ganin abokinsa da ke taku goma gabansa. A tsakanin kowane jeri akwai rafi mai zurfin gaɓa. Ruwan da ake yi a Arakan yakan kai inci 200 a shekara, wato ya ninka na Kano sau biyar ko fiye, kuma kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Saboda haka rani kaɗai ake da shi na aiki da na yaƙi.

A Disamba 1943 aka fara. Masu awo ne ke gaba, hafsa da 'yan mutanensa, da kamfas da adda, suna neman inda tudu zai yarda a bi. Wani lokaci sai an yini ana bin wani gefen dutse, a tarar ya ƙare a bakin rami, a komo a sake. In sun sa alama, masu sara su biyo su kwantar da gora. Bayansu masu diga da shebur su yanki gefen tudun, su fid da shimfiɗa daidai faɗin ƙaramar motar nan jif, suna kwashe ƙasa da kwando. Inda dutse ya tare, a huda shi a sa nakiya. Inda hawa ya yi tsanani, a nannaɗe hanyar ta yi ta kai da kawowa kamar tafiyar maciji. Inda ƙasa ta yi laushi, a jera itatuwa a kwance don kada ƙafar mota ta nutse. Kowane rafi kuma yana bukatar kadarko ko mashigi, da itacen da aka sara a wurin aka gina su.

Injiniyoyi su kaɗai ba za su iya ba, gama ba su da yawa. Su ne masu tsarawa da nunawa da yin aikin gwaninta, amma ƙarfin aikin na kowa ne. Bataliyoyin masu bindiga da ƙungiyoyin 'yan alaro duk an raba musu yanki yanki, kowa da nasa rabo. Yawancin aikin da hannu aka yi shi. Mutumin da ya saba da noma da fartanya tun yana yaro, ya saba da aikin gayya, ba a koya masa yadda ake jera sahu ana sara tare. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Sauro da matsattsaku da atuni kuwa ba su bar kowa ba, Bature da baƙi.

A tsakiyar Janairu 1944 jif ta fara bin hanyar daga Chiringa har Daletme a bakin Kaladan, tafiyar wajen mil 75. Aka sa mata suna Hanyar Afirka ta Yamma. Ta kanta aka wuce da igwa da motocin jif da sauran kaya masu nauyi waɗanda ba sa ɗaukuwa a ka.

Wanda ya san littafin Nehemiya zai tuna da masu gyaran garun Urushalima, yadda aka raba wa kowane gida nasa sashe, da yadda suka yi gini da makami a kusa saboda maƙiya. Haka zaman mutanen nan ya kasance. Mai diga yana sara, bindigarsa tana jingine inda hannu zai kai.

Abinci daga sama, filin jirgi a gonar shinkafa

Hanyar jif ba za ta iya ciyar da dubban mutane ba. Saboda haka aka yi abin da ba a taɓa yi wa runduna mai girman wannan ba: aka ce dukan abincinta da harsashinta daga sama za su zo. Jiragen Dakota su zo su sako kaya da laima, 'yan alaro su tattara, su ɗora a kan gammo, su bi sahu. Wannan ya ƙara wa injiniyoyi aiki. Duk inda aka yada zango sai an share filin da za a sako kaya. Sai kuma an yi filin da jirgi zai sauka, gama ba a iya ɗaukar mai rauni da laima. A kwarin Kaladan gonakin shinkafa sun bushe da rani, sai a rushe kunyoyinsu, a cike ramuka, a daddaɓe. Ƙaramin fili na ƙananan jirage masu ɗaukar majiyyaci ɗaya ko biyu, babba kuma na Dakota. Mutane da yawa da suka komo gida suka haifi 'ya'ya, ta irin filayen nan aka fid da su da rai.

Kogin kansa ya zama hanya. Aka tara kwalekwalen mutanen wurin, aka ɗaure gora aka yi gadajen fito, ana gangarawa da kaya, ana ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai kuma aikin da ya fi kowane haɗari, wato neman nakiyoyi da tarkunan da Japanawa suka binne a turba, a tone su kafin sahu ya iso.

Haka rundunar ta gangara kudu, ta wuce Paletwa, ta kai Kyauktaw a Fabrairu 1944. A watan nan ne Japanawa suka kai wa babbar rundunar bakin teku mummunan hari, aka yi kwanaki ana gwabzawa kafin a mai da su baya.

Juyawa baya

A farkon Maris al'amari ya juya. Wata ƙungiyar Japanawa a ƙarƙashin Kanar Koba ta zagayo ta gabas, ta kama wani tudu mai ɗakin ibadar Buda kusa da Kyauktaw, wanda ke kallon kogi. Rundunar ta ga za a datse ta, sai ta ja da baya. Aka mai da motoci ta hanyar da aka sara, sauran mutane kuwa suka koma ga ƙafa da gammo, daga baya suka haura tsaunuka zuwa yamma, wajen kwarin Kalapanzin. Mai gina gada shi ne kuma mai karya ta. In ana ja da baya, injiniya yana cikin na ƙarshe da za su tashi, domin shi zai lalatar da abin da maƙiyi zai mora.

A cikin rikicin kwanakin nan ne wani abu ya faru da ya kamata masu bi su sani. Ran 2 ga Maris 1944 Japanawa suka faɗa wa wata ƙungiyar ma'aikatan asibitin soja a bakin Kaladan. Wani saurayi Kirista daga ƙasar Yarabawa, Isaac Fadoyebo, ya sami mugun rauni a ƙafa, aka bar shi a matsayin matacce. Shi da wani abokinsa mutumin Saliyo, wani manomi Musulmi na ƙauyen ne ya ɓoye su, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa za su hallaka. Fadoyebo ya komo Nijeriya, ya rubuta labarinsa, ya rayu har 2012. Inda hanyar soja ta ƙare, Allah ya buɗe wata ta hannun baƙon da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba.

Sa'an nan damina ta sauka. Gefen tuddan da aka yanka ya zabtare, rafuka suka cika suka tafi da kadarkai, gora ta sake tohowa. Hanyar da dubban mutane suka zub da gumi a kanta ta daina biyuwa ga mota.

Komawa ta biyu

A Agusta 1944 aka sauya shugaba, Manjo Janar Loftus-Tottenham ya karɓi rundunar. Da ruwa ya ɗauke suka sake shiga Kaladan. Wannan karo sun ɗauki darasi: suka fi dogara ga ƙafa da kai da jirgin sama, suna bin cikin tsaunuka suna ɓullo wa Japanawa ta inda ba su zata ba. Aikin injiniyoyi ya koma saran turba, yanka matakala a gangare don masu kaya, fito, da filayen jirgi ɗaya bayan ɗaya. A tafiyar nan ce aka tarar da Fadoyebo da abokinsa da rai, a Disamba.

A lokacin 'yar'uwarta, Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta iso. Alamarta māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, abin da ya nuna ba a raina mai ɗaukar kaya ba. A kwanakin ƙarshe na Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, wanda yau ake kira Mrauk-U. Daga nan aka mai da ta 81 Indiya ta huta, ta 82 kuwa ta ci gaba kudu ta kogin Dalet da mashigin An har Taungup. Japan ta sallama a Agusta 1945. Amma jiragen ruwa sun yi ƙaranci, sai a 1946 yawancin mutanenmu suka ga gida.

Abin da suka komo da shi

Ladan farabiti ɗan Afirka wajen sule ɗaya ne a yini, ƙasa ƙwarai da na Bature mai muƙami ɗaya da shi. Da yawa sun komo suna sa ran aiki da sallama mai kyau, ba su samu yadda suka zata ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 mazan jiya suka yi jerin gwano a Akkara don su kai kukansu ga Gwamna. 'Yan sanda suka yi harbi, aka kashe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai Gana ga mulkin kai a 1957.

Waɗanda ba su komo ba, da yawa ba a san kabarinsu ba. A maƙabartar soja ta Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen mutum kusan 27,000 na sojan Ingila da ƙasashen da take mulki, waɗanda suka mutu a Bama ba a sami gawarsu ba. Akwai sunayen mutanenmu a ciki, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya, a jere wuri ɗaya.

Waɗanda suka komo kuwa sun zo da abin da ba a auna shi da sule. Wani ya koyi karatu a bariki, wani tuƙin mota, wani kafinta ko gini. Tsofaffin sojan injiniya sun shiga aikin hanya da gada a garuruwansu. A ikilisiyoyi da dama an san dattawan da ake ce wa 'yan Bama, masu zuwa sujada kan lokaci, masu iya karanta Littafi Mai Tsarki a sa'ad da masu karatu ba su da yawa.

Turawa da kansu sun riƙa kiran sojan Bama rundunar da aka manta. In an manta da rundunar duka, ina ga baƙar fata a cikinta, ina kuma ga mai diga a cikin baƙar fata? Sai a 2001 wani tsohon hafsan rundunar, John Hamilton, ya fitar da cikakken tarihinta da Turanci. Yau kusan dukan mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya.

'Yan'uwa, mu da muka karɓi bishara mun san ba mu muka sari hanyar da ta iso mana ba. Akwai masu bishara da suka yi tafiya a ƙasa, da masu dakon akwatunan littattafai, da matan da suka dafa musu abinci, da waɗanda suka gina majami'ar farko da jinka, wadda damina ta rushe tun tuni. Ba a rubuta sunayen yawancinsu ba, amma Ubangiji ya san su. Namu shi ne kada mu bar abin da ya rage ya ɓace. In akwai tsohuwar lambar yabo a cikin akwatin gidanku, ko takardar sallama, ko hoton wani saurayi da baƙin gizo-gizo a kafaɗarsa, a adana su. In akwai tsohuwa ko tsoho da ya ji labarin daga bakin mai shi, a zauna da shi a rubuta, da sunan mutumin da garinsu da aikin da ya yi, a karanta wa yara.